Karatun Jami'a A Ajin Sakandare: Tsanin Kowa Ne Ko Na 'Ya'yan Wasu?

A duk shekara idan watan Mayu ya kama, 'yan sakandare sama da miliyan biyu da rabi a ƙasar Amurka suna shiga ɗakunan jarrabawa, su zauna su amsa tambayoyin da bisa ƙa'ida ɗan shekarar farko a jami'a ne ya kamata a yi wa. Yara ne 'yan shekara 16, 17 zuwa 18, wasunsu ko gemu bai fara tsiro musu ba. Wanda ya ci, jami'ar da ta ɗauke shi tana iya yafe masa wannan darasi, ta ce ya wuce zuwa na gaba. Wanda ya tara darussa da yawa yana iya rage wa kansa zango guda na karatu, wani ma shekara sukutum. Sunan shirin a wurinsu Advanced Placement, a taƙaice kuma AP suke cewa.

Ba don komai na Amurka abin koyi ne wannan jarida ta ɗauko maganar ba. An ɗauko ta ne saboda tambayar da ke ƙarƙashinta ta shafi duk matashin da ke ajin ƙarshe na sakandare, ko yake da ƙane a can. Yaron da Allah Ya hore wa kaifin basira, ya riga tsaransa fahimta, me ya kamata makaranta ta yi da shi? A ɗaure shi ya jira sauran, ko a buɗe masa ƙofa ya wuce? In kuwa za a buɗe, ɗan wa za a buɗe wa? Mutanen can sun shafe shekara saba'in suna gwada amsa, sun yi daidai a wani wuri, sun yi kuskure a wani wuri, kuma duka biyun akwai darasi a ciki. Matsayin wannan jarida a fili yake: karatun gaba-da-aji alheri ne, amma sai an cika sharuɗɗa biyu. Na ɗaya a gina wa yaro harsashi tun daga ƙasa, na biyu a bar ƙofar a buɗe ga ɗan talaka. In aka rasa ɗaya daga cikinsu, abin yakan koma ko dai gatan 'ya'yan masu hali, ko kuma cinikin takarda.

Shi wannan shiri tun asalinsa ba don talaka aka yi shi ba, kuma masu shi ba sa ɓoye hakan. A farkon shekarun 1950 wani asusu na gidauniyar Ford ya ba da kuɗi aka yi nazari tsakanin manyan makarantun kwana uku na 'ya'yan attajirai, wato Andover da Exeter da Lawrenceville, da kuma manyan jami'o'i uku, Harvard da Yale da Princeton. Kukan da ake yi a lokacin shi ne, yaran da suka fito daga waɗannan makarantu suna zuwa jami'a su tarar ana maimaita musu abin da suka riga suka sani, sai su gundura, su yi ta ɓata lokaci. Rahoton ya fito a 1952. A daidai wannan lokaci kwalejin Kenyon ta jagoranci wasu kwalejoji wajen gwada koyar da darussan jami'a a cikin zaɓaɓɓun makarantun sakandare. A 1955 wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira College Board ta karɓi ragamar shirin, kuma ita ke riƙe da shi har yau. Jarrabawar farko a hannunta, a 1956, ɗalibai 1,229 ne kacal suka zauna mata daga makarantu 104. Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 1957, tsoro ya kama mahukuntan Amurka cewa an tsere musu a kimiyya, sai maganar gaggauta karatun haziƙan yara ta ƙara samun kasuwa.

Yadda abin ke gudana ba shi da wuyar ganewa. Akwai darussa kusan arba'in, daga lissafi da kimiyyar sinadarai da ta halittu, zuwa tarihi da tattalin arziki da harsuna da ilimin kwamfuta. Malamin sakandaren ne ke koyarwa a cikin ajinsa, amma da manhajar da aka tsara tare da malaman jami'a. A ƙarshen shekara kowa ya zauna wa jarrabawa iri ɗaya, wadda ba malaminsa ne ya tsara ba, ba kuma shi zai duba takardarsa ba. Maki daga 1 ne zuwa 5. Galibin jami'o'i suna karɓar 3, masu tsanani kuma sai 4 ko 5. Wasu jihohi, irin su Texas da Illinois, sun yi doka a 2015 wadda ta matsa wa jami'o'in gwamnati su riƙa karɓar maki 3. A ƙasar da bashin karatun da ke wuyan ɗalibai da tsofaffin ɗalibai ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, rage zango guda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga iyali.

To, shekara da shekaru abin yana hannun makarantun unguwannin masu kuɗi, kuma an ɗauka cewa haka ya dace, wai 'ya'yan leburori da baƙin haure ba za su iya ba. Wanda ya fi kowa ƙaryata wannan zato wani malamin lissafi ne mai suna Jaime Escalante. An haife shi a 1930 a birnin La Paz na ƙasar Bolibiya, ya yi shekaru yana koyarwa a can, sannan ya yi ƙaura zuwa Amurka a shekarun 1960. Da ya isa aka ce takardunsa ba su isa ya koyar ba, sai ya kama aikin ƙarfi a gidan abinci, daga baya ya shiga kamfanin kayan lantarki, yana karatun dare har ya sake yin digiri daga farko. A 1974 ya fara koyarwa a sakandaren Garfield da ke gabashin birnin Los Anjelas, unguwar talakawa 'yan asalin ƙasar Meziko, makarantar da lalacewarta ta kai har hukumomi suna barazanar janye amincewarsu da ita.

A nan ya ƙudura cewa sai yaran sun zauna wa jarrabawar AP ta kalkulas, wato reshen lissafin nan da ake auna yadda abu ke sauyawa da shi, kamar gudun mota daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa, wanda babu injiniyan da zai yi aiki ba tare da shi ba. Sai a 1978 ya samu ya buɗe ajin farko. Yara biyar suka kai ƙarshen shekara, biyu suka ci. A 1982 yara 18 suka zauna, kuma dukkansu suka ci. Hukumar da ke duba takardun ta ga kuskuren wasunsu ya yi kama da juna a wata tambaya, sai ta yi zargin satar amsa, ta tuhumi 14 daga cikinsu. Goma sha biyu suka yarda suka sake zama, a ƙarƙashin tsananin sa ido, bayan sun yi watanni da barin littafin, kuma su goma sha biyun suka sake ci. Zuwa 1987 waɗanda suka ci jarrabawar a wannan makaranta sun haura 70 a shekara guda. A 1988 aka yi fim a kan labarin, aka sa masa suna Stand and Deliver.

Amma a nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara, domin fim ɗin ya taƙaita abin, ya nuna kamar yaran da ba su iya lissafin firamare ba ne suka zama gwanayen kalkulas cikin ɗan lokaci kaɗan, saboda kawai malami ya yi musu tsawa sun yi zuciya. Ba haka aka yi ba. Daga zuwan Escalante makarantar zuwa nasarar 1982 shekara takwas ce. A cikin waɗannan shekaru abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne ƙananan azuzuwa. Ya yi ta fafutuka a daina ɗura wa yara lissafin jeka-na-yi-ka, a koya musu aljebra da wuri. Ya nemi haɗin kan ƙananan sakandaren da ke turo musu ɗalibai. Ya shirya darussan hutu a wata kwaleji da ke kusa, da na safe kafin a shiga aji, da na yamma, da na ranar Asabar. Ya kuma dace da shugaban makaranta, Henry Gradillas, wanda ya tsaya masa tsayin daka. Yaron da ya zauna wa kalkulas a ajin ƙarshe, an yi shekaru ana dafa shi a hankali. Kuma da shugaban ya bar makarantar, Escalante shi ma ya tafi a 1991 bayan saɓani da abokan aiki, cikin 'yan shekaru adadin masu ci ya faɗi warwas. Yaran unguwar ba su sauya ba, ƙwaƙwalwarsu tana nan yadda take. Matakan tsanin na ƙasa ne aka bari suka karye.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa zama a gaban malamin zaure. A can ba a tambayar shekarun ɗalibi kafin a ba shi littafi na gaba. Wanda ya sauke Ahalari ya wuce Ishmawi, daga nan Iziyya, daga nan Risala, ko da kuwa yaro ne ƙarami yana zaune kusa da mai furfura. Amma kuma babu malamin kirki da zai buɗe wa ɗalibi Muhtasar alhali bai san abin da ke cikin Ishmawi ba, komai yawan kuɗin ubansa. Ƙa'idar guda ce, ba a tsare mai iyawa, ba a kuma tsallakar da wanda bai iya ba.

Daga shekarun 1990 zuwa yau shirin AP ya bazu ƙwarai a Amurka. Gwamnatoci sun zuba kuɗi, an rage wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin jarrabawa, makarantun da ba su taɓa jin sunansa ba suka buɗe azuzuwa. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai bazuwar ta zo da cututtukanta, kuma ya kamata a ambace su ɗaya bayan ɗaya.

Cuta ta farko ita ce suna ba tare da abu ba. Da aka fara jera makarantu a jaridu gwargwadon yawan yaran da suka zauna wa jarrabawar, sai wasu shugabannin makarantu suka shiga tura yara azuzuwan AP don adadi ya yi yawa, ba tare da an shirya yaran ko malaman ba. A shekarun 2010, wajen biyu cikin kowace biyar na takardun da aka rubuta ba su kai maki 3 ba, kuma faɗuwar ta fi yawa a makarantun talakawa. Yaro ya sha wahalar shekara guda, an biya kuɗi, ya fito hannu rabbana, wani ma ya fito da imanin cewa shi daƙiƙi ne, alhali laifin na waɗanda suka ɗora masa jinka ne ba tare da sun gina masa bango ba.

Cuta ta biyu kuɗi ce. College Board ƙungiya ce da aka yi wa rajista a matsayin wadda ba ta neman riba, amma kuɗin shigarta ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, kuma AP ce babbar hanyar shigowarsu. Kowace takarda kusan dala 100 ce. Wanda ke sayar da jarrabawa kuwa, yana so masu saye su ƙaru. Shi ya sa aka yi ta ce-ce-ku-ce a 2024, lokacin da masu cin darasin tarihin Amurka suka tashi daga kimanin kashi 48 cikin ɗari a 2023 zuwa kimanin kashi 72 cikin ɗari a shekara guda. Ƙungiyar ta ce ta sake auna ma'auninta ne da abin da ɗaliban jami'a ke iyawa, ta ga da can ta tsananta fiye da kima. Masu suka suka ce sassauci ne don kasuwa ta ci. Ko ma wanne ne gaskiya, darajar kowace jarrabawa tana rataye ne a kan yardar da mutane suka yi mata. Tun kafin wannan, jami'ar Dartmouth ta daina lissafa darussan AP a cikin abin da ake buƙata don kammala digiri, daga ɗaliban da suka shiga a 2014.

Cuta ta uku ita ce tseren da ba shi da ƙarshe. Da abin ya zama sharaɗin shiga manyan jami'o'i a aikace, sai yara suka koma tara darussa takwas, goma, har fiye, ba don son ilimin ba sai don takardar neman shiga ta yi nauyi. Barci ya ƙaranta, hadda ta maye gurbin fahimta. Abin lura kuma shi ne, da 'ya'yan talakawa suka fara cika azuzuwan, sai masu hali suka fara ja da baya. A 2018 wasu manyan makarantun kuɗi takwas na yankin birnin Washinton suka sanar tare cewa za su daina koyar da darussan AP, su tsara nasu, suna cewa manhajar ta cika gudu ba ta barin a zurfafa. Mai yiwuwa akwai gaskiya a hujjarsu. Amma su suna da sunan da jami'a za ta yarda da su ko babu jarrabawar waje. Makarantar unguwar talaka ba ta da wannan gata, jarrabawar ce kaɗai shaidar da yaronta zai nuna a yarda da shi.

Akwai kuma hannun 'yan siyasa. A watan Janairun 2023 gwamnatin jihar Filorida, ƙarƙashin Gwamna Ron DeSantis, ta hana a koyar da sabon darasin AP na tarihi da rayuwar baƙaƙen fatar Amurka a makarantunta. Wanda ke riƙe da manhaja yana riƙe da abin da yara za su sani game da kansu, kuma mahukunta a ko'ina sun san haka.

Duk da waɗannan cututtuka, akwai maganin da wasu jihohin can suka gano wanda ya cancanci a duba shi. An lura cewa idan aka bar shiga ajin gaba a hannun shawarar malami ko roƙon iyaye, yaran da iyayensu suka san kan boko ne ke shiga, ɗan lebura kuwa ko ya fi kowa maki ba a tunawa da shi, shi ma bai san ana nema ba. Sai jihar Karolina ta Arewa ta yi doka a 2018, cewa duk yaron da ya samu matakin ƙoli a jarrabawar lissafi ta jiha, kai tsaye a sa shi a ajin gaba, sai fa in iyayensa ne suka ce ba sa so. Jihar Washinton ta yi makamanciyar dokar a 2019. Wato an juya abin, maki ne ke buɗe ƙofa, ba sanayya ba.

To, ina ƙasar nan a cikin wannan magana? Dattawan da suka yi boko kafin shekarun 1980 za su ba da labari cewa Nijeriya ta taɓa samun irin wannan tsani a cikin sakandarenta. Bayan aji biyar, haziƙan yara sukan zarce shekara biyu a aji shida, su karanta darussa uku da zurfi, su zauna wa jarrabawar HSC, wadda aka gada daga tsarin Ingila. Kwalejin Barewa da ke Zariya da Kwalejin Gwamnati ta Keffi suna cikin makarantun da suka yi wannan a Arewa. Wanda ya ci, digirinsa shekara uku ne. Da yake makarantun da ke da aji shida ba su da yawa a Arewa, sai aka kafa makarantun share fagen shiga jami'a a shekarun 1970, kuma a 1976 aka fara jarrabawar IJMB a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Hukumar JAMB ta zo a 1978. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, aka yi jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988, sai aji shida ya bar makarantun gwamnati, digiri ya koma shekara huɗu. Ghana ma ta bi wannan hanya bayan gyaran da ta yi wa iliminta a 1987.

Masu wancan gyara suna da hujjarsu. Aji shida ƙofa ce ƙunƙuntacciya, 'yan ƙalilan ke shiga, kuma an so a faɗaɗa. Amma abin da ya biyo baya ya kamata a faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Karatun gaba-da-aji bai mutu ba, ƙaura ya yi daga hannun gwamnati zuwa hannun mai kuɗi. A yau akwai makarantun kuɗi a Legas da Abuja da ke koyar da jarrabawar A Level ta Cambridge, wasu kuma ta IB wadda aka kafa a birnin Janiba a 1968, a kan kuɗin da albashin malamin firamare na shekaru ba zai biya ba. Akwai IJMB, akwai kuma JUPEB da aka fara a 2014, waɗanda ke ba ɗalibi damar shiga aji biyu na jami'a kai tsaye bayan karatun kimanin shekara guda. Hanyoyi ne masu amfani, mutane da dama sun bi sun yi nasara. Amma bayan sakandare ake yin su, da kuɗi ake yin su, kuma da yawa ba sa tunawa da su sai JAMB ta kayar da su. Ga kuma 'yan kasuwar takarda da suka kutsa ciki, har ta kai hukumar JAMB ta tsananta tantance sakamakon masu neman shiga aji biyu saboda yawan na jabu.

Shi kuwa ɗan talakan da ke sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, wanda ya gama littafin lissafin aji uku tun yana aji biyu, me aka tanadar masa? Yana zaune a ajin da ya cika maƙil, ana maimaita masa abin da ya sani, babu wanda ya lura da shi. Darasin ƙarin lissafi, wanda WAEC da NECO ke yin jarrabawarsa kuma a cikinsa ake fara taɓa kalkulas, makarantu da yawa ba su da malaminsa. Yaron zai shiga sahun kusan mutum miliyan biyu da suka zauna wa JAMB a shekara irin 2025, in ya dace ya samu gurbi, sai ya haɗu a aji ɗaya da wanda ya riga ya karanta rabin manhajar a makarantar kuɗi. Idan ya sha kaye a shekarar farko, a ce ai 'yan Arewa ba sa iya kimiyya. Alhali jihar Kano ta ƙaryata wannan magana tun 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ta zaɓo yara da jarrabawa daga birni da ƙauye, ta ba su malamai da ɗakunan gwaji. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can suna nan ana ganinsu, da yawansu 'ya'yan manoma ne.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga ɓangarori huɗu.

Na farko gwamnatocin jihohi. Kada wani kwamishina ya ji wannan labari ya garzaya ya liƙa wa makaranta allo mai sabon suna, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, a watse. Aikin daga ƙaramar sakandare yake farawa: malamin lissafi da na kimiyya da na Turanci waɗanda suka san abin da suke koyarwa, ana biyansu a kan lokaci. Bayan haka a ware aƙalla makaranta guda a kowace shiyya da za a koyar da darussan matakin IJMB kyauta, ga maza da mata, kuma maki ya zama shi ne tikitin shiga, kamar yadda waɗancan jihohi biyu na Amurka suka yi. Ranar da takardar ɗan majalisa ta fara shigar da yaro, ranar makarantar ta mutu.

Na biyu jami'o'i da kwalejoji. Kusan babu babban garin da ba shi da jami'a ko kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, kuma ɗakunan gwajinsu a kulle suke a lokacin hutu. Abin da Escalante ya yi da kwalejin unguwarsu bai fi ƙarfin kowace daga cikinsu ba. Kuma su tsare mutuncin jarrabawar da ke hannunsu, domin ɗan talaka ne ya fi kowa asara idan takarda ta zama abin saye. Mai kuɗi yana da wata hanyar, shi ba shi da ita.

Na uku 'yan uwa matasa da suka riga suka shiga jami'a ko suka gama. Ba sai an jira gwamnati ba. A kowace unguwa akwai ɗalibin injiniya ko na likitanci ko na lissafi da ke zaune a gida lokacin hutu, akwai kuma ajin makaranta da babu kowa a ciki da yamma. Mutum biyar masu niyya, da allo, da alli, da tsofaffin littattafansu na aji ɗaya, sun isa su ɗauki yara ashirin. Amma su fara da gwada yaran, su gano inda ramin yake, su cike shi tukuna. Kuma su rubuta abin da suke koyarwa, su horar da waɗanda za su gaje su, don kada abin ya mutu ranar da ɗayansu ya samu aiki a wani gari, kamar yadda na Garfield ya durƙushe bayan tafiyar mutum biyu.

Na huɗu shi kansa ɗalibin. Idan karatun aji ya yi masa sauƙi, wannan ba lasisin zaman majalisa ba ne, alama ce cewa lokacin neman littafi na gaba ya yi. Ya nemi manhajar IJMB ta darussan da yake so, ya ari littattafan yayyensa, ya yi amfani da wayar da ke hannunsa, domin akwai darussan jami'a kyauta a intanet ga mai iya jure zama. Amma ya yi wa kansa adalci. Wanda aljebra ke ba shi wuya, komawa baya ya gyara ta shi ne ci gabansa, kuma babu abin kunya a ciki. Darasi biyu da aka fahimta sun fi goma da aka haddace aka manta. Ya kuma nisanci duk wanda ya ce zai samar masa sakamako ba tare da zama ba. Takardar jabu tana iya shigar da mutum aji biyu, amma ba za ta zauna masa jarrabawar aji biyun ba, kuma in ta kai shi har ga zama likita ko injiniya, rayukan bayin Allah ne za su biya bashin.

Yara goma sha biyun nan na Garfield da aka tuhuma a 1982 'ya'yan unguwar talakawa ne. Abin da ya wanke su shi ne, da aka sake ajiye musu takarda a gabansu, sun iya amsawa. Irin wannan ilimi ya kamata matashi ya nema, irinsa kuma ya kamata a tilasta wa mahukunta su samar wa ɗan kowa. Allah Ya sa masu kunne su ji.